Barcin Lauya a Bayan Babur

Asabar, 30 ga Agusta

Mun tashi. Shekara goma sha biyu a gida ɗaya, amma mota ɗaya ta kwashe mu, har da sauran wuri a baya. Ban san kayanmu ba su da yawa ba sai yau.

Mai gidan ya zo karɓar makulli yana ta ba ni haƙuri, wai ba son ransa ba ne, kowa a layin ya ƙara kuɗin haya. Ƙari ne wannan? Ninkawa ya yi. Na ce masa ba komai. Akwai komai mana, amma me zan ce wa mutum a ƙofar gidansa.

Sabon wurin ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, can bayan gari inda kwalta ta gaji ta tsaya. Matata, wadda nake kira Gwamnati don ba a ƙetare dokarta, ta leƙa madafi ta ce, "To, aƙalla hayaƙi ba zai rasa hanyar fita ba." Rufin ne bai gama haɗuwa ba. Lauya kuwa, 'yarmu ta fari, tun a mota take tuhumata: wa ya zaɓi gidan, da wa aka yi shawara, me ya sa ba a tambaye ta ba. Shekararta goma sha ɗaya, ga ta 'yar firit, amma baki sai ka ce rediyo. Ni na raɗa mata sunan, ni nake shan wahalarsa.

Wannan littafin da ragowar takardun wurin aiki na ɗinka shi. In ban rubuta ba zan yi wa wani rashin kunya.

Litinin, 1 ga Satumba

Na je makarantar da ke kusa da nan. Aji shida ya cika maƙil, sai baɗi. Baɗin me? Bana za ta yi jarrabawar shiga sakandare. Ke nan tana nan a tsohuwar makarantarta.

Ga yadda abin zai kasance. Maɗaba'ar da nake yankan takarda tana buɗewa bakwai da rabi, kuma a wancan ɓangaren garin take. Sai mu bar gida biyar da rabi, in sauke ta, in wuce. In an tashi ta tafi gidan Yaya, wato yayar Gwamnati, layi uku a bayan makarantar, ta jira ni in tashi ƙarfe shida.

Gwamnati ta saurara har na gama, sannan ta ce me zai hana yarinyar ta riƙa kwana a gidan Yaya daga Litinin zuwa Juma'a. Na ce 'yata ba ta kwana ko'ina sai ƙarƙashin rufina. Ta ɗaga kai ta kalli rufin.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na wanke babur, na sa masa sabon birki. Na zaunar da Lauya na ba ta labarin yadda nake tafiyar awa ɗaya da rabi a ƙafa zuwa makaranta ina yaro, takalmi a hannu don kada ya lalace. Ta ce, "Baba, wancan karon awa ɗaya ka ce."

Litinin, 8 ga Satumba

Ranar farko. Wallahi yarinyar nan ba ta rufe baki ba tun daga ƙofar gida. Me ya sa karnukan unguwar nan suka fi na can rama. Wa yake kashe fitilun titi. In babur ya mutu a hanya laifin wa ne a wurin malama, nata ko nawa. Iska tana kwashe rabin maganar, ni dai "eh" da "a'a" nake jefawa, na san kuma na amsa laifuffukan da ban ji ba.

Mun tarar da ƙofar makaranta a rufe. Maigadi, wani dattijo mai raha, ya ba ta bencinsa ya ce ya samu mataimakiya. Na bar ta a zaune, jaka a cinya, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Na waiwaya sau biyu.

Da yamma na ce wa Gwamnati, kin gani, ba wata wahala.

Alhamis, 11 ga Satumba

Bayana ciwo yake. Ban faɗa wa kowa ba.

Laraba, 17 ga Satumba

Yau gabana ya faɗi. Muna kan babban titi na ji hular kwanonta tana bugun bayana, ƙwas, ƙwas, sai kuma na ji hannuwanta sun saki rigata. Na taka birki a hankali na tsaya a gefe. Barci take, baki a buɗe. Da na taɓa ta sai ta zabura ta ce, "Idona biyu!"

Sauran hanyar hannu ɗaya na yi tuƙi, ɗayan yana riƙe da nata biyun a cikina. Ban taɓa jin tsawon hanyar nan kamar yau ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na samo dabara. Na ari zanin Gwamnati, shuɗin nan mai ganye-ganye, na zagaya shi ta bayan Lauya na ɗaure a ƙirjina, kamar yadda ake goyo. Gwamnati ta tsaya a bakin ƙofa da Auta a hannu, ƙanwar Lauya mai shekara biyu, tana dariya har da hawaye. Wai shekara goma sha ɗaya tana roƙona in karɓi goyo na minti biyar, sai yanzu da yarinya ta kusa kai ni kafaɗa.

Ta gyara min ƙullin da kanta. Hannunta ya daɗe a kan ƙullin. Ta ce, "Ka dai san wannan ba magani ba ne." Na tada babur.

Lauya ta ce in sauke ta a kwana kafin makaranta, in kwance ta a can, kada 'yan ajinsu su gani. An yi yarjejeniya.

Talata, 23 ga Satumba

A danja wani kwandasta ya leƙo daga motar haya ya ce, "Maman beibi, an tashi lafiya?" Mota gaba ɗaya ta ɗauki dariya. Na ce masa lafiya lau, ya gaida babansa. Ko a jikina. Ina jin ɗumin numfashinta a tsakiyar bayana, kuma na rantse babu abin da ya kai wannan daɗi a duk yinina.

Juma'a, 26 ga Satumba

Ruwa ya kama mu a hanyar dawowa. Mun fake a rumfar wani mai faci kusan awa guda. Ba ta farka ba, ko da na sauka da ita a ɗaure. Mai facin ya matsar min da kujera ya ce, "Ba ta da lafiya ne?" Na ce makaranta ce.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Gidan nan ya yi shiru, kuma sai yau na gane dalili. Lauya ce ta daina shari'a. Jiya ta yi barci har azahar. Da yamma Auta ta yaga mata bangon littafi, na gyara zama ina jiran a buɗe kotu, sai kawai ta karɓa ta ajiye. Na tsokane ta na ce awa biyu nake tafiya makaranta ina yaro. Ta ce, "To, Baba."

To, Baba! Ni za a ce wa to.

Laraba, 8 ga Oktoba

Lauya ta yi barci da cokali a hannu, shinkafa a baki. Gwamnati ta ɗauke ta ta kwantar, ta dawo ta zauna a gabana. Ta ce Yaya ta yi magana, wai ga gado nan a ɗakin 'yarta, sa'ar Lauya ce, minti biyar ne zuwa makaranta. Na ce na ji. Ta ce, "Ji kawai?" Na ce ai na ce na ji. Ta kwashe kwanuka da ƙarfin da ya fi na kullum.

Ba na ƙin Yaya. Mace ce mai kirki, duk da ba ta iya ba ka ruwa ba tare da ta haɗa maka da shawara ba. Ba ita ce matsalar ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Labarin tafiyar ƙafa da nake ba yara gaskiya ne, amma shekara biyu kawai na yi ta. Ina shekara takwas Inna, mahaifiyata, ta haɗa min kaya a buhu ta kai ni gidan kawu, don gidansa yana kusa da makaranta. Ba wanda ya dake ni a can, ba wanda ya hana ni abinci. Amma na koyi tambaya kafin in sha ruwa. Na koyi cin abinci ba tare da an ji motsin bakina ba. Hutun farko da na koma gida, Inna ta zuba min abinci a kwanon baƙi, mai murfin nan da ake ajiyewa a saman kabad. Ƙannena suna ci a tire ɗaya suna faɗa, ni ina gefe da kwano mai murfi kamar wanda ya zo gaisuwa. Na san don ta girmama ni ta yi. Ban sake zama ɗan gidan ba, har yau da nake da furfura.

Shekara talatin da biyar ban taɓa faɗa mata ba. Ina kiranta duk Juma'a, mu gaisa, in tambayi ƙafarta, shi ke nan.

Ba zan zuba wa Lauya a kwano mai murfi ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Malamar ajinsu ta aiko a kira ni. Na nemi izini a wurin aiki na je da tsakar rana, na shirya jawabi a kan yadda wahala take gyara yaro. Ba ta ba ni dama ba. Littafin Lauya kawai ta buɗe ta tura min.

Ni mutumin takarda ne, na san shafi in na gan shi. Layin farko rubutun nan nata ne mai tsaye kamar soja. Layi na huɗu ya fara kwanciya. Layi na shida kalma ta fara, ba ta ƙare ba, biro ya ja wani dogon zare har ƙasan shafi. Na buɗe gaba, haka. Na buɗe baya, haka.

Malamar ta ce tana barinta ta kifa kai a darasi na biyu, don ba ta da zuciyar tashinta. Ta ce, "Yarinyar da take gyara min kuskure a allo ce fa. Wata huɗu ya rage jarrabawa."

Na ce za mu duba. Da Gwamnati ta tambaye ni me aka ce, na ce maganar kuɗin jarrabawa ce.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na fara kwantar da ita tun bakwai da rabi. Amma sai bakwai muke isowa, ga wanka, ga abinci, ga aikin gida. Yau ni na yi mata lissafi biyu na ƙarshe da hannun hagu don ya yi kama da na yara. Duka biyun ba daidai ba ne, in ji malama.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Wannan dole sai na rubuta shi.

Da safe na yi sauri, ban soke bakin zanin da kyau ba. Muna gab da shataletale, Allah ya sa na rage gudu, sai na ji an fizge ni ta baya. Bakin zanin ne ya sauka ya shige tayar baya. Babur ya tsaya cak, muka kife gefe, ni da ita a ɗaure. Mutane suka taru, wani mai shayi ya kawo wuƙa ya yanke zanin. Gwiwarta ta goge, gwiwar hannuna ta fashe. Iyakarta ke nan. In da a babban titi ne, da gudun da nake yi a can... ba zan ƙarasa wannan ba.

Ba ta yi kuka ba. Ina wanke mata ciwon da ruwan mai shayi, ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, kada ka faɗa wa Mama. Za ta ce in koma gidan Anti, kai kuma ba ka so."

Kai kuma ba ka so. Ba ta ce ita ba ta so ba.

Na kai ta makaranta. A wurin aiki na ɓata bandir guda na takardar mutane, abin da ban yi ba tun ina koyo.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Na yi wauta jiya, yau ta fito fili.

Bakin zanin ya yage, ga baƙin mai. Da aka fita cin abinci a wurin aiki sai na ninke shi da kyau, na sa shi a injin yankan takarda, na daidaita, na sauke wuƙa. Ya fita tas, ko zare ɗaya bai tashi ba. Har na ji daɗin aikina. Mun shirya da Lauya cewa a filin wasa ta faɗi, ni kuma na sa riga mai dogon hannu.

Yau da yamma Gwamnati ta ce in ba ta zaninta za ta wanke. Ta warware shi, ta ɗaura a ƙugu, bai zagayo ba. Ta ce, "Ikon Allah. Ni na yi ƙiba ko zanin ne ya rame?" Na ce wanki yana sa atamfa ta shige. Ta bi bakin da yatsa. Ta ce duk garin nan mutum ɗaya ta sani da yake yanka abu ya miƙe haka, kuma shi take aure. Sannan ta ce in naɗe hannun rigata.

Na yi zaton za ta yi faɗa, har na shirya amsoshi. Sai ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da guntun zanin, kafaɗunta suna rawa. Na fi shekara biyar ban ga kukanta ba, ko ranar da muka bar gidan can ba ta yi ba.

Na faɗa mata komai. Faɗuwar, littafin, har kwano mai murfi. Ta ce, "Shekara goma sha uku muna tare, sai yau?" Can kuma ta ce, "Ni ba ni da kwanon baƙi ma. Ya fashe a wajen tashi."

Asabar, 25 ga Oktoba

Na tambayi Lauya, tsakani da Allah, me take so. Ta daɗe tana wasa da bakin rigarta. Ta ce tana son gida. Ta ce kuma tana son ta daina jin kanta yana juyawa in malama tana magana. Sai ta ce, "In na tafi wa zai riƙa raka ka?"

Ashe rakiyata take yi.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Mun kai ta. Jaka ɗaya da bokiti. Yaya ta tarbe mu da shawarwari goma sha biyu, na haɗiye duka. Na ja ta gefe na ce ina da roƙo ɗaya: kada a lallaɓa yarinyar nan. A aike ta, a sa ta wanke-wanke, in ta yi laifi a yi mata faɗa kamar 'yar gida. Yaya ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ka taɓa ganin wanda na lallaɓa?" Gaskiyarta.

Lauya ba ta rako mu ƙofa ba, 'yar Yaya ta ja ta ɗaki tana nuna mata inda za ta sa kaya. Gara haka.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na farka huɗu da rabi ba gaira ba dalili. Babur ya yi min sauƙi, ban ji daɗinsa ba.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na bi ta layin makarantar da safe. Hanyar ta fi kyau ta can, ba don komai ba. Na tsaya bayan wata motar burodi. Bakwai da 'yan mintuna sai ga su su biyu, tana tafe tana yi wa 'yar Yaya bayani da hannu biyu, har jakarta tana zamewa. Ba ta gan ni ba. Na makara a wurin aiki, na ce taya ce.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na kira Inna, ko da yake ba Juma'a ba ce. Ta tsorata, ta ce lafiya? Na ce lafiya, ƙafarki nake tambaya. Sai na ce mun kai Lauya gidan yayar mamanta saboda makaranta.

Ta ce, "Kana cin abinci?" Na ce ina ci. Ta ce, "Ƙarya kake. Ni da na kai ka gidan kawunka sati na yi ban iya ci ba."

Na ce ta gaida mutan gidan. Ta ce to. Ba wanda ya kashe wayar a cikinmu, sai da kuɗin suka ƙare.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Na je ɗauko ta. Tun kafin in kashe babur ta fito da ƙara: Anti ta sa ta wanke tukwane sau uku alhali 'yar gidan sau biyu, kuma tana da shaidu. Na ce za a duba. A raina na ce Allah ya saka wa Yaya.

Ta hau, ta riƙe ni da kanta. Daga nan ba ta yi shiru ba. Ta ci tara cikin goma a lissafi, kuma na goman malama ce ta yi kuskure. Maigadi yana gaishe ni, wai ya rasa mataimakiya. Tana da ƙawar da ban taɓa jin sunanta ba, sun ɓata sun shirya duk a satin nan. Ta karanta min kowane allon shago, ta gano kuskuren rubutu a guda huɗu. Na buɗe gilashin hulata don in ji da kyau.

Da muka hau gada ta daki kafaɗata ta ce, "Baba! Dama akwai kogi a hanyar nan?"

Sati bakwai tana ƙetare shi safe da yamma. Na tsaya a gefe muka leƙa. Wasu mutane suna jan kwalekwale, ta tambaye ni abu shida a kansu, na san amsar ɗaya.

Mun iso gida bayan takwas. Ta wurgar da jaka a tsakar gida, ta buɗe tukunya ba ta tambayi kowa ba, ta sa hannu, uwarta ta daka mata tsawa. Gwamnati ta ce me ya tsayar da mu haka. Na ce cunkoso.

Babu wani cunkoso. A giya ta biyu na tuƙo babur ɗin, a hankali, tun daga gadar.

Lahadi da yamma zan mayar da ita. Na ce a gaya wa Yaya, in ba takura, ta ci gaba da zama a wurinta har zuwa jarrabawa.